Kurciya Mai Lamba Tara

Bana ruwa ya yi mana wasa da hankali a Parakou. Ya sauko sau uku a jere, mutane suka ruga gona, sai ya ɗauke ƙafa. Yau kusan sati uku ke nan ko yayyafi babu. Masarar da muka shuka a bayan gidanmu na unguwar Ladjifarani ta naɗe ganye, in rana ta take har ta cikin takalmi kake jin ƙasa na huci. Da hantsi kurciyoyi kan sauko bakin famfo su sha ruwan da ke ɗiga, ni kuma ina kan tabarma ina bin ƙafafunsu da ido. Shekara arba'in da 'yan kai ban taɓa ganin kurciya ban dubi ƙafarta ba. 'Yata Bilki takan ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ita ma sai satin da ya wuce ta san dalili.

Yayana Sani, Allah ya jiƙansa, shi mutanen Djougou suke kira Mushe Tsuntsu. Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, don ya koyar a lakwal, wato makarantar Onklou, tsuntsu kuwa don ba shi da wani zance sai nasu. Mu gidan goro ne tun kakanni. Babanmu ya so Yaya ya gaje shi, ya haɗa shi da huhunan goro ya sa shi hanya, sai ga shi ya dawo da labarin cilakowa nawa ya gani tsakanin gari da gari, goron kuwa rabi ya bushe don ya manta ya yayyafa masa ruwa. A lakwal ma bai yi ƙarko ba. Wata rana mai duba makarantu ya zo ya tarar da aji wayam, Mushe ya kwashi ɗalibai sun tafi fadama kallon zalɓe. Daga nan ya tattara ya koma wata gonar gado da muke da ita a wata tunga gaba da Partago, ya kafa ɗaki biyu da rumbu ya zauna.

A can ya yi aikin da ya ci ransa. Yana da kaye, wato littafin rubutun 'yan lakwal, sun fi ashirin. Duk tsuntsun da ya gani sai ya rubuta ranar da ya zo, itacen da ya sauka, abin da yake ci, da sunansa da Hausa da Yom da Dendi da Fulatanci. Ya tsare makiyayi a hanya ya hana shi tafiya sai ya faɗa masa yadda suke kiran carki. Yana da madubin hangen nesa da yake kira jumel, ido ɗaya ya tsage. Yana kuma da wata raga ta baƙin zare, siririya, in an kafa ta tsakanin sanda biyu tsuntsu ba ya ganinta sai ya faɗa. In ya kama ba ya yankawa. Zobe yake sa masa a ƙafa, wanda ya yanko daga farin ƙarfen tsohuwar tukunya, irin wanda ba ya tsatsa, ya buga masa lamba da ƙusa, ya sake shi. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat, wai shekara nawa kurciya take yi a duniya. Ya ce ya tambayi malamai, ya tambayi mafarauta, ya duba littattafan Nasara, babu wanda ya san ta ƙasarmu.

Ni na je wurinsa bayan na fita takabar mijina, ina goye da Bilki tana 'yar shekara huɗu. Matarsa ta rasu tun da daɗewa ba su haihu ba, sai na riƙe masa gida. Kuma ban raga masa ba, don bakina tun ina yarinya ba ya shiru.

"Yaya, wai tsuntsun nan zai ba mu tuwo?"

"Zuwaira, ke dai ki bari. Wata rana za a nemi abin nan."

"Wa zai nema? Ungulu?"

Sai ya yi dariya ya ci gaba da rubutu.

A cikin kurciyoyi goma na farko da ya sa wa zobe, ɗaya ce ta rage, mai lamba tara. Tara muke ce mata. Akwai wata bishiyar ƙirya a bayan ɗakinsa, a nan take zama, kuma in ina daka takan sauko ta tsinci tsaki a gindin turmi. Kurciya duk kamarsu ɗaya, zoben ne kawai yake nuna ita ce. Shekararta bakwai a kayensa. Kowace safiya kafin ya sha kunu sai ya ɗora jumel ya ga ƙyallin zoben, ya ce, "Tara ta kwana." Sannan ya tambaye mu mu yadda muka kwana, abin da ya sa nake masa tsiya ke nan.

Shekarar da nake magana, shamuwa ta zo da wuri. Garke guda suka yi ta kewaya sama da tungar, amma ko ɗaya ba ta sauka ba, suka miƙe arewa. Yaya ya daɗe yana kallonsu, ya shigo ya ce alamar fari ce, in raba iri biyu in ɓoye rabi. Na ce haba, ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, wane irin ɓoyo? Ya ce in dai yi.

Ruwan farko ya zo da ƙarfinsa. Har yau ina jin ƙamshin ƙasar nan a hancina. Maƙwabtanmu mutanen Yom ne, gida shida, mutanen kirki, masu addinin kakanninsu. Suka yi mana gayya kamar yadda ake yi wa kowa, maza da manyan garemani suna tada tulin doya a jere, ganga na tashi, ni da matansu muna tuƙa tuwon dawa a ƙarƙashin ɗorawa. Muka shuka masara a kusa da gida, dawa a tudu. Kwana biyar tsiro ya fito, kore shar, na je na tsaya a gaban Yaya na riƙe ƙugu na ce shamuwarsa ta yi ƙarya.

Sai ruwa ya tsaya. Kowace yamma hadari ya taso, iska ta kaɗa, a ji tsawa can wajen Onklou, mu fito da tukwane da ƙorai mu jera, sai ya watse. Da safe sama fes. Masara ta naɗe, ta yi fari, ta kwanta. Bayan sati uku aka yi wani ɗan ruwa da bai wuce tsawon yatsa a ƙasa ba, muka fito da rabin irin da muka ɓoye muka zuba, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Wannan karon ban ce wa Yaya komai ba, shi ma bai ce mini ba.

Rumbu ya fara amsa murya in ka leƙa. Muka koma ci sau ɗaya. Da sassafe in fita tsintar kaɗanya, mu tsotse naman mu ajiye ƙwallon. Da rana in dama garin ɗorawa da ruwa, mai zaƙi-zaƙin nan da ke cika ciki ba ya riƙe shi. Da yamma tafasa ko rama da ɗan barbaɗin gari, gishiri kuwa sai a ɗanɗana. Da garin ya ƙare na koma shanya ɓawon doyar bara ina dakawa. Kajinmu annoba ta kwashe su tun bazara, akuya ta riga ta tafi kasuwar Partago. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kamar yadda yaran yanzu suke zato. Sanyi ce a gwiwa, da jiri in ka miƙe, da fushi ba dalili. Rafin da muke ɗiban ruwa ya ƙafe sai kududdufi ɗaya a ƙarƙashin dutse, kore, mai warin laka, mu da shanu da tsuntsaye duk a nan muke haɗuwa.

Bilki ta daina wasa. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, in na danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Abin da ya fi tsorata ni, ta daina kuka. Na goya ta har Partago, mai ba da magani ya dube ta ya ce, "Madam, yarinyar nan ba allura take so ba, nama take so, ko ƙwai." Na ce masa to a wace gona ake tsinko su? Na dawo na tarar da Yaya a kwance, idanunsa sun yi rawaya, shawara ta kama shi.

Washegari na durƙusa a bakin tabarmarsa.

"Yaya, ina son ragar."

Ya san me nake nufi. Shekara da shekaru mafarauta suna roƙonsa aron ragar nan yana hanawa, yana cewa ba ta tukunya ba ce. Ya juya ya dubi Bilki tana zaune a jikin bango kamar tsohuwa.

"Ɗauko. Amma Zuwaira, abu ɗaya. Duk wadda kika ga da zobe, ki sake ta."

"Na ji, Yaya."

"Ki ce kin yi alkawari."

"Na yi alkawari."

Daga kwance ya koya mini yadda ake kafa ta, inda za a sa sanda, yadda ake zare ƙafa kafin fiffike. Na kafa a bakin kududdufin. Ranar farko na kama biyar.

To mu a wurinmu mace ba ta yanka. Haka muka taso, haka uwarmu ta yi, ko kaza ce sai a nemo namiji. Maƙwabta kuwa yankansu ba ya halatta mana, masallaci mafi kusa yana Partago, tafiyar awa biyu a ƙasa. Namiji Musulmi ɗaya ne a tungar, shi ne Mushe Tsuntsu. Sai ya zama kullum ni nake kawo masa su, in riƙe ƙafa da fiffike, shi ya tashi zaune da ƙyar ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana sakin tsuntsu daga hannunsa. Bai taɓa ƙorafi ba, amma bai taɓa kai romon bakinsa ba, wai shawara ba ta son maiƙo. Kafin kowane yanka sai ya ce, "Kin duba ƙafa?" In ce na duba. Sau biyu na kama masu zobe a bakin ruwa na sake su, na zo na faɗa masa lambar, ya rubuta yana murna.

Bilki ta fara ɗagowa. Sai tsuntsayen suka gane wurin, ko kuwa mun cinye su, oho. Daga biyar zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya. Sai kwana uku a jere raga ba komai. Kumburin da ya fara sauka ya dawo, har fuska. Ranar nan ta huɗu na zauna a bayan dutse tun hantsi har rana ta karkata, ƙudaje na bina, kaina na sarawa. Can na ga raga ta motsa. Guda ɗaya ce, mai ƙiba. Na zare ƙafar, sai ga zobe. Na juya shi na ga lambar. Ni ban yi lakwal ba, amma tara kam na san ta, don kullum ina ganinta a gindin turmina.

Ba ta ma yi fizge-fizge sosai ba, ta saba da hannu. Ina jin zuciyarta na bugawa a tafina. Wallahi na buɗe yatsuna biyu zan sake ta. Sai fuskar Bilki ta faɗo mini, na mayar na damƙe. Na gwada cire zoben da haƙori ya ƙi. Na dunƙule ƙafafun biyu a cikin hannuna har zoben ya nutse a fatata, na nufi gida.

Yaya yana kwance a inuwar ɗaki. Na miƙa masa wuƙa.

"Yau an samu? Alhamdulillahi. Kin duba ƙafa?"

"Na duba, Yaya."

"Babu zobe?"

"Babu."

Ya yi bisimilla.

Na fige ta a bayan rumbu inda ba zai gani ba, na datse ƙafar, na ƙulle zoben a bakin zanena. Bilki ta shanye romon tas, ta tsotse ƙasusuwa, har ta ce a ƙara. Kwana biyu bayan nan aka kece da ruwa, irin wanda ke cika kwari a wuni ɗaya. Kwana biyu kacal! Da gari ya waye shinge, garar nan mai fiffike, ya fito daga kowane suri, muka cika ƙorai muka soya, yara suna ci mai na bin haɓarsu. Ban sani ba ko Bilki za ta kai waɗannan kwana biyun ba tare da romon nan ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Romon ba shi ne yake cina ba. Da za a mayar da ni bakin kududdufin nan, ina jin haka zan sake yi. Abin da ya biyo baya ne yake cina.

Da ruwa ya zauna aka sake shuka, wake da 'yar dawa mai saurin nuna, da irin da maƙwabta suka sam mana. Yaya ya ɗan ji sauƙi, yana dogara sanda ya zagaya bayan ɗaki. Kowace safiya ya ɗora jumel a kan ƙiryar nan, ya daɗe, ya sauke, ya rubuta wani abu gajere. Ya daina cewa Tara ta kwana. Ya sa na riƙa watsa tsaki a gindin turmi, tsakin da ba mu da shi, ni kuma ina watsawa, munafuka, ina cewa wataƙila tana kan ƙwai. Ya tambayi makiyaya ko sun ga gashin kurciya a daji. Ya bi gindin itatuwa yana tona ganye da sanda, mutumin da numfashi ke yi wa wuya.

Yaya yana waƙa, amma da ajami yake rubuta ta a bayan kaye, ba ya nuna wa kowa. Wata la'asar ina tsince wake, ruwa na sauka a hankali, ya ce in saurara. Ya rera da 'yar muryar da ta rage masa:

Ke Tara, ina kika sauka, kurciya?
Na duba reshe, babu kowa kan ƙirya.
Mutuwa ba ta karatun zobe,
Ba ta tambayar shekara nawa aka yi a duniya.
In shaho ne, na yafe wa shaho,
Yunwa ce ta aiko shi, ba ƙiyayya.
Ni dai a gaya mini inda kika faɗi,
In rufe kayena, in bi ki a baya.

Ga shi ya yafe tun ba a roƙe shi ba. Zoben yana bakin zanena, a kan cinyata, ina jin taurinsa. Kalma nawa ce? Amma na tuna cewa da hannunsa ya yanka ta, na ce in na faɗa zan ƙarasa shi. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, ni mai bakin da ba ya shiru. Na ce, "Waƙar ta yi daɗi, Yaya." Na ci gaba da tsintar wake.

Sabuwar doya ta fito, maƙwabta suka aiko mana da ita, na yi masa sakwara ya ci loma biyu. Cikinsa ya kumbura, ya daina fita. Ranar da ya kira ni ta ƙarshe, bayan azahar ne, ya riƙe hannuna.

"Zuwaira, ke kike zuwa bakin ruwa lokacin nan. Ba ki taɓa ganinta ba? Ko gashinta?"

Na dubi ƙasa na ce, "Wataƙila shaho ne, Yaya."

Ya ce, "Wataƙila." Ya saki hannuna. Bai ga girbin dawar ba.

Na kwaso kayen na zuba a akwatin ƙarfe, suka bi ni Djougou, suka bi ni Parakou da Bilki ta yi aure. Yanzu abinci moto ke kawo shi har ƙofar gida, in ruwa ya yi jinkiri a talho, wayar hannu, ake duba ranar da zai zo, ba mai kallon shamuwa. Ban taɓa buɗe akwatin ba sai don in zuba maganin gara.

Satin da ya wuce sai ga wata yarinya 'yar jami'a ta yi sallama, sunanta Nafisa, da jumel a wuya, sabo fil. Wani tsoho a Onklou ne ya kwatanta mata mu. Ta ce karatun tsuntsaye take yi. Ta zauna kan tabarma tana buɗe kayen ɗaya bayan ɗaya, tana haɗa Hausa da Faransanci don murna.

"Hajiya, kin san me kike ajiye da shi? Kafin shi babu wanda ya rubuta tsuntsayen ƙasar Djougou. Babu! Shi ne na farko."

Na ce a raina, to Yaya, ga ungulun ta zo.

Ta kai kaye na ƙarshe, ta karanto mini layin da ya yi ta maimaitawa kullum har wata biyu, ta fassara: lamba tara ba ta zo ba. A ƙasa ya rubuta, ta ɓace, ba a san dalili ba. Nafisa ta ce wannan babban abu ne, za ta sa a littafinta cewa kurciyar ƙasarmu ta yi shekara bakwai kafin tsufa ko shaho ya ɗauke ta. Ta juya shafi ta ga ajami, ta ce ba ta iya ba, ko zan karanta mata. Ban karɓi kayen ba, na rera mata da ka. Da na zo kan shaho sai na tsaya.

Na tashi na shiga ɗaki na kwance ƙullin da ya canza zane ya fi sau talatin, na zo na ajiye zoben a kan shafin. Bilki tana tsaye da tire a hannu.

Na ce wa Nafisa, "'Yata, ɗauki bik ɗinki. Kada ki rubuta tsufa, kada ki ɗora wa shaho. Tara da ƙibarta ta mutu, da sauran shekaru a gabanta, ba wanda ya san ko nawa. Ki rubuta ta faɗi a tsakar gidansa, da wuƙarsa, ƙanwarsa ce ta riƙe ƙafar ta rufe zoben. Wadda ta sha romon ga ta nan tsaye."

Bilki ta ajiye tiren a ƙasa. Ta ɗauki zoben ta juya shi, ta gwada a ɗan ƙaramin yatsanta, ko farce bai wuce ba. Ta ce, "Inna, shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?" Na ce wanda ya tambaye ni ma ban faɗa masa ba.

Nafisa ta rubuta a ƙarƙashin rubutunsa, a hankali, ta karanto mini na ce haka ne. Na karɓi kayen na rufe shi da hannuna. Wata biyu Yaya ya yi yana jiran maganar nan, yana kwance taku uku daga inda nake daka. Ni kuma sai da na shekara arba'in na kawo ta, na faɗa wa baƙuwa.